Makullin Nasiru a Bakin Zanena

Ku 'yan matan yanzu da kuke wucewa ta gaban rumfar mai fura kuna cewa ai wannan ba sana'a ba ce, latsa maɓalli ne kawai, inji ya yi ƙara, a juye a kofi, ku matso ku ji. Ni ce Tabawa ta ƙauyen Turawa, wadda ake ce wa Inna mai fura tun daga Karaye har Rogo. Ban taɓa shiga aji ba, takarda ma da babban yatsa nake sa mata hannu. Amma ku rufe mini ido ku miƙo mini curin fura guda in murza shi tsakanin yatsu biyu, zan gaya muku geron bana ne ko na bara, kuma a turmi aka kirɓa ta ko inji ne ya wulaƙanta ta.

Furar farko da na dama, kaji ne suka sha. Kakata Dada ta ɗanɗana, ta ɗauki ƙwaryar ta je bakin danga ta juye. Kafin wannan ranar damina biyu na yi ba a bar ni na taɓa ludayi ba, wankin ƙwarya kawai nake yi. Ƙwaryar nono ba a sa mata sabulu, ruwan zafi ne da soso, a kife ta a rana. Ba ta haɗuwa da ta miya ko a wurin ajiya. In ta tsage, gyartai za ki kai wa ya ɗinke, kuma ki tsaya a kansa, don in ya bar rami a ɗinkin, tsohon nono zai maƙale a ciki ya lalata miki sabo. Daga nan aka matsa da ni zuwa surfe da bakace, sai daka, sai tankaɗe, sai auna citta da kanumfari da masoro da tafin hannu. Sai dafa curi, sai kirɓi tun yana turiri, taɓarya tana manne wa turmi kina ja kamar za ki cire kafaɗarki. Duk wannan kafin a zo ga damun da kuke rainawa.

Shi damu da bayan ludayi ake yinsa, ba da cikinsa ba. Ki ɗora ƙwarya tsakanin ƙafafunki, ki matse furar da bayan ludayi a jikin ƙwarya, ki sa nono kaɗan, ki sake matsewa, ki ƙara. Wadda ta zuba nono gaba ɗaya ta gama lalacewa, gaya zai riƙa yi mata iyo yana gudun ludayi har la'asar. Kuma ba damu ɗaya ake yi wa kowa ba. Tsoho marar haƙora laushi yake so. Mai jego tana son yaji ya fito. Manomin da zai koma kunya da fartanya kuwa, in kika dama masa ta yi sumul kin cuce shi, sai kin bar masa gaya daidai wanda zai tauna, shi ne zai zauna masa a ciki har rana ta sauka. Ni fuskar mutum nake kallo in san damun da zan yi masa. Ku tambayi injin naku ko yana da ido.

Shekarar da ciwon baki da kofato ya shiga shanu, ita ce ta raba masu fura da masu riƙon ludayi. Shanu suka daina kiwo, nono ya ƙafe, rugage da yawa suka tashi suka yi kudu. A kasuwa mata suka koma kwaɓa madarar gari da garin ɗan kuka, su bar shi ya kwana ya yi tsami, su ce kindirmo ne. Ni ban yi ba. A ƙafa nake zuwa can bayan Kurugu, wurin wasu dangin mahaifiyata da shanunsu suka tsira, mu gaisa da Fillanci, su haɗa mini abin da ya samu, in ɗoro a gammo in dawo. Wata rana rabin ƙwarya kawai nake samu, in sayar da rabin in kife ƙwaryata in tashi.

A wannan shekarar Alhaji Mamman na Jajaye ya kira gayyar cirar gyaɗa. Babban manomi ne, kakanninsa daga Zazzau suka zo, don haka tsakanina da shi kullum tsokana ce. Duk wanda ya san gayya ya san ba lada ake biyan mutane ba, fura da tuwo ne mutuncin mai gona. In fura ta yi kyau, baɗi ma za a amsa kiransa. In ta ɓaci, har jikokinsa sai an yi wa gori. Kwana uku na yi ina tara masa nonon gaskiya. Da ya kurɓa a gindin ɗorawar gonarsa, sai ya ɗaga ludayin sama ya ce a gaban jama'a, muddin yana numfashi ba wadda za ta dama furar gayyarsa sai Tabawa. Ya riƙe maganarsa. Da jaki aka fara zuwa ɗaukata, aka koma amalanke, aka koma babur.

Yanzu bari in kawo muku Rakiya. 'Yar ƙanena ce, ni na riƙe ta tun tana da giɓin faɗuwar haƙori. Yadda Dada ta yi mini haka na yi mata, har zubar wa kaji sai da na yi, sau biyu ma. Tana da hannu, ba zan ɓoye ba, sai dai tana ɗaga gwiwar hannu sama in tana damu, na yi faɗa har na gaji. Ta yi aure a cikin garin Karaye, ta je Kano biki, ta dawo da injin damu da suke kira bilenda. Ta kafa tebur a bakin titi da ɗan janareta da kula mai ƙanƙara. Ba a yi wata uku ba, 'yan acaɓa da malaman makaranta da ma'aikatan sakatariya, mutanen da na san damun kowannensu, duk suka koma layi a gabanta. Wai tata ta fi sanyi. Wai ba a jira. Na ɗanɗana sau ɗaya da ta aiko mini. Kunu ne mai sanyi, ba abin da haƙori zai gaisa da shi. Na ce a gaya mata na gode.

Ban yi rigima ba. Na ce gari nata ne, ta ci da wutarta. Daji nawa ne. Gona ba ta da wutar lantarki, kuma ba mai gonar da zai ɗauki janareta da galan ɗin fetur ya kai tsakiyar gyaɗa saboda fura. Gayya, suna a ruga, sadakar bakwai a ƙauyen da babur ma da kyar yake shiga, duk Tabawa ake aika wa. A haka muka zauna shekaru, tana gaishe ni da Sallah, ina amsawa.

Sai Nasiru, babban ɗan Alhaji Mamman, mai fataucin hatsi, ya sayo mota. Irin mai ƙofa huɗu da buɗaɗɗen baya, fara, doguwa, sai an kama hannunka kake hawa. A kasuwar Rogo na fara ganinta, maza sun kewaye ta kamar an kawo kura. Yana tsaye can nesa da ita ya latsa wani ɗan baƙin abu a hannunsa, motar ta yi hon, fitilunta suka ƙifta, ƙofofi suka kulle kansu. Ya sake latsawa, inji ya tashi ba kowa a ciki. Wani tsoho ya ja da baya yana a'uziyya. Sannan ya zagaya baya ya ɗaga wani ɗan murfi a cikin bodin, ya nuna musu soket, irin na bangon ɗaki sak. Ya ce in dai inji yana aiki, ko fanka ce ka jona za ta juya. Na yi dariya tare da kowa. Ko kaɗan ban kawo furata a zancen ba.

Ranar gayyar bara waccan, da hantsi ya fara ɗagowa, na ji hon a ƙofar gida. Na fito da ƙorena da ludayai da faifai, an ɗora mini bokitan fura a baya. Na zagayo zan shiga gaba, inda babba ke zama, sai na ga mace a kujerar, ta rungume wani abu a cinya an lulluɓe shi da tawul kamar jariri. Rakiya ce. Ta yi maza ta sauko ta durƙusa.

"Gwaggo, ina kwana? An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau. Jikin ma da ƙarfinsa. Wane ne ba shi da lafiya a Jajaye da za ki dubiya?"

Nasiru ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, ai bana gonar ta ƙaru, mutane za su haura sittin. Na ce kada aikin ya yi miki yawa. Ke ki dama wa Baba da dattawa, ita kuma ta ji da sauran."

"Alhajin ne ya ce haka?"

"Ya ce in dai ƙwaryarsa daga hannunki ta fito, sauran in yi yadda na gani."

Wato daga furar gayya an mayar da ni ƙwaryar marasa haƙora. Na hau gaba, ita ta koma baya da jaririnta. Har muka isa sanyin esi yana hura mini gwiwa.

A gindin ɗorawar nan Nasiru ya juya motar, bayanta ya shiga inuwa. Ya sauke murfin bodi ya zama tebur, Rakiya ta jona igiyar injinta a soket. Nonon kuwa aka bar shi a kujerar baya cikin sanyi, sai an buƙata a ɗauko. Ya zauna ya daɗe yana taɓa wani allo a gaban sitiyari mai haske kamar na waya. Ya ce ya saita ta yadda inji zai ci gaba da aiki ƙofofi a kulle, don yaran ƙauye kada su shiga su taɓa masa abu. Sai ya fito ya tada ta da rimot, ɗan baƙin makullin nan. Makullan biyu ne. Ɗaya ya jefa a aljihu zai tafi da shi cikin gona, ɗayan kuma ya dube mu. Rakiya ce za ta yi aiki da motar, amma yaron yana da tarbiyya, ya san ba a tsallake babba a ba ƙarami makulli. Ya russuna ya miƙo mini da hannu biyu.

"Inna, ga amana. In za a ɗauko nono, wannan maɓallin ne na buɗewa. Wannan na kullewa. Wannan na ƙasan kuma shi ne na inji, shi kam don Allah kada..."

"Nasiru," na ce, "makullin rumbun mijina shekara talatin yana hannuna, ko zangarniya ba ta ɓata ba. Ran sunanka ni na dama furar. Ni za ka koya wa riƙon makulli?"

"Allah ya ba ki haƙuri, Inna."

Ya tafi. Na yi wa makullin abin da nake yi wa duk abu mai daraja. Na ɗora shi a bakin zanena, na naɗe, na ƙulle tam sau biyu, na soke a ƙugu.

Matan gidan Alhaji da suka kawo ruwa, waɗanda kowace shekara suke zama kusa da ni suna miƙo mini faifai, duk suka tafi bayan mota. Rakiya ta gutsura fura a cikin jug, ta zuba nono gaba ɗaya, abin da na hana ta tun tana yarinya, ta jefa ƙanƙara, ta latsa. Kafin in gama matse curi uku ta juye jug huɗu a babbar roba. Asabe, matar ƙanen Alhaji, mai baki kamar reza, ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Inna, da wannan ya zo da wuri, ai da kafaɗarki ta huta tuntuni." Na ce mata kafaɗata ba ta kai ƙara wurin kowa ba.

Na sunkuya zan jawo ƙwaryar nono kusa da ƙafata, sai ɗif. Motar ta mutu, bilenda ta yi shiru a tsakiyar kuka. Rakiya ta zare igiya ta mayar, ta jijjiga, ba labari. Ta kira Nasiru a waya. Bai ma ƙaraso ba, daga bakin shinge ya ɗaga hannu da makullinsa, inji ya tashi, ya koma.

Ba a jima ba na sake sunkuyawa zan ɗauki faifai. Motar ta yi hon, fitilu suka ƙifta, ta sake mutuwa. Asabe ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Inna, ko dai tofi kika yi wa motar nan? Da kin motsa sai ta amsa." Mata suka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganarta ta tsaya mini, don a daidai lokacin ina jin wani abu mai tauri ya tokare ni tsakanin cinya da ciki. Ƙullin nan ne. Na matse shi da kyau, in na sunkuya sai ya danne maɓallan da ke ciki. Na miƙe zaune a hankali kamar mai ciwon baya. Nasiru ya sake fitowa bakin shinge ya tada ta.

To, ku saurara, don wannan wurin ban taɓa faɗa wa maza ba. Na farko kuskure ne. Na biyu ma kuskure ne. Abin da ya kamata shi ne in kwance ƙullin in ce ga abin da ke faruwa. Na dubi bayan motar, na ga robar ta kusa rabi, na ga matan nan sun ba ni baya, na ga Asabe tana lasar yatsa tana lumshe ido. Na sa hannu a ƙuguna kamar mai gyara zani. Ta cikin yadin na lalubo maɓallin ƙasa, wanda yaron ya ce kada. Na ɗora babban yatsa na danna.

Wannan karon Nasiru da gudu ya zo, gumi har gemu. Ya buɗe gaban mota ya leƙa, ya duba allon nan, ya shinshina soket. Ya ce, "Inna, makullin yana nan?"

"Yana nan inda na ƙulle shi."

Ya ce to lalle injin damun ne yake jan wutar da ta fi ƙarfin soket ɗin, ko kuma wata waya ta taɓa wata. Mota sabuwa, ba zai ƙona ta saboda fura ba. Ba za a sake jona komai ba sai mai gyaran wuta ya duba. Ya dubi rana, ta kusa tsakiya. Ya dubi bokitan fura, biyu cike ba a taɓa ba. Ya dubi gona, inda mutum sittin suke ta cira tun safe ba abin da ya shiga cikinsu. Muryarsa ta yi ƙasa ya ce, "Inna, yaya za mu yi? In mutanen nan suka fito ba fura, Baba ba zai iya shiga masallaci ba."

Na gyara zama na ce, "Yadda muke yi kafin a haifi motarka. Ku kawo furar nan. Asabe, miƙo faifai."

Babbar ƙwarya ta farko na dama ta kamar ina da shekara talatin. Mata suka dawo suka kewaye ni. Ta biyu na ji kafaɗar dama tana ɗaukar zafi, na ƙi kulawa, na rage matsewa, na ƙara nono da wuri don in gama. A ta uku, ina cikin juya ludayi, wani abu ya soke ni daga wuya har gwiwar hannu, yatsuna suka saki, ludayin ya nutse a cikin nono. Na sa hannun hagu na tsamo shi. Na gwada, hannun ya ƙi tashi. Na manta cewa shekarun baya ina da mata biyu masu taya ni matsewa, kuma mutanen ba su kai haka ba. Can ƙasan gona na ji an fara kiran a fito a sha ruwa. Fiye da bokiti guda yana gabana.

Rakiya ta taso. Ta cire agogonta ta ba Asabe, ta wanke hannu har gwiwa, ta buɗe kwandona ta zaɓi ludayi, kuma wanda ya kamata ta zaɓa, mai faɗin baya. Ta zauna a ƙasa kusa da ni da leshinta mai tsada, ta ɗora ƙwarya tsakanin ƙafafu. Nono kaɗan, matsa, ƙara, matsa. Na zuba mata ido ina neman inda za ta kuskure. Ta bar gaya daidai na mai fartanya. Ƙwaryar dattawa ta yi mata laushi ba tare da ta kashe ta ba. Shekara nawa tana latsa maɓalli, amma hannun bai manta komai ba. Gwiwar hannun nan ce kawai a sama. Na ce, "Sauke gwiwa." Ta ce, "To, Gwaggo." Ba ta sauke ba.

Maza suka fito layi-layi, aka yi ta miƙa ƙore, ba wanda ya jira, ba wanda ya rasa. Sai ga Alhaji Mamman da sandarsa.

"Salamu alaikum. 'Yar Fulani, kina nan da ranki? Ya gida, ya jikoki, ya shanun da ba ki da su?"

"Lafiya lau, Bazazzagi. Ya gyaɗar da Kanawa suka koya muku nomawa?"

Ya yi dariya ya zauna a tabarma. Al'adarsa ce sai ya ɗanɗana kowace ƙwarya kafin ya sha tasa. Ya fara da ta roba, ta inji, ya yamutsa fuska ya ce a ba yara. Ya kai ludayi cikin ƙwarya ta biyu da na dama, wadda na yi da kafaɗa tana zafi. Ya tauna, ya tauna, ya dubi Rakiya da tausayi ya ce, "Wannan taki ce ko, 'yata? Ba laifi, amma da saura. Nono gefe, gaya gefe. Ki ƙara zama kusa da gwaggonki." Sannan ya kurɓi ta dattawa, wadda Rakiya ta dama. Ya rufe ido. Ya ɗaga ludayin sama kamar yadda ya yi a shekarar ciwon shanu.

"Yauwa! Nasiru, zo ka ji. Wannan ita ce furar Tabawa. Ko a cikin ƙwarya ɗari aka ɓoye ta zan gane ta. Na faɗa na ƙara, muddin ina numfashi..."

Mata suka dubi juna. Duk matan nan sun ga wadda ta dama wace. Asabe ta buɗe baki, Rakiya ta taka mata ƙafa. Da na yi shiru da shi ke nan, gayyar baɗi tawa ce, yarinyar ba za ta taɓa tona ni ba. Amma ni Tabawa, da na kife ƙwarya a kasuwa don kada in sayar da madarar gari da sunan kindirmo, ba zan sha yabon da ba nawa ba a gaban Asabe.

Na ce, "Alhaji, harshenka ya tsufa. Wadda ka yaba ta Rakiya ce. Wadda ka kushe tawa ce."

Ya riƙe ludayin a sama ya rasa inda zai ajiye shi. Ya dube ta, ya dube ni. Can ya ce, "To ai... wa ya koya mata?" Na ce wannan kuma kowa ya sani, ba sai an tambaya ba.

Sannan na kira Nasiru na zaro bakin zanena. Da hannu ɗaya da haƙori na kwance ƙullin. Yana ganin yadda makullin ya fito a matse, sawun maɓallan ya kwanta a jikin yadi, sai ya dafe kai. Ya karɓa ya mayar cikin zanen ya matsa da hannu, mota ta yi hon. Maza suka fashe da dariya, wani har fura ta sarƙe shi. Nasiru yana share hawaye ya ce, "Wallahi laifina ne, Inna, da na sani da igiya na sa masa. Ni ina can ina zargin mutanen da suka ƙera mota!" Kowa ya tafi a kan ƙulli ne ya yi duka ukun. Ban gyara musu ba. Gaskiya ɗaya ta ishi tsohuwa a wuni guda.

Da yamma a hanyar komawa, Nasiru ya tsaya a Rogo zai sayi mai, ya fita ya bar mu. Rakiya ta miƙo hannu daga baya ta fara matsa mini kafaɗa, daidai inda ke ciwon. Ta daɗe tana matsawa. Sai ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "Gwaggo, na ukun ai ba sunkuyawa kika yi ba. Ina kallon babban yatsanki."

Na ce, "Ƙasa kaɗan. Nan ne yake ciwo."

Yanzu duk gayyar Alhaji tare muke zuwa. Nasiru ya daina tada motar da rimot in za a yi damu, daga ciki yake kunna ta, ya ce ta haka ko an danna maɓallin ba za ta mutu ba. Hon ɗin kullewa ma ya shiga allon nan ya kashe shi. Samari 'yan gayya sun ce ta inji suke so saboda sanyi, sai a yi musu, amma ni nake zama a bakin bodi in kasa kunne, in na ji ƙarar ta fara laushi in ce "Tsaya!" tun gaya bai mutu ba. Da daƙiƙa biyu ake ɓata ta, kuma har yau ba wadda ta iya jin wurin sai ni. Ƙwaryar dattawa kuwa Rakiya ce take dama ta da ludayina mai faɗin baya, Alhaji ya kurɓa ya ɗaga shi sama, ni kuma in kalli gona.

In mun je gayya, makullin yana wuyan Rakiya, an sa masa jan zare. In ta sunkuya tana damu sai ya riƙa lilo a saman ƙwarya, saura kaɗan ya taɓa nono. Kullum sai na gaya mata ba haka ake riƙe makulli ba. Kullum sai ta ce, "To, Gwaggo." Ba ta taɓa miƙo mini shi ba.